Sayen Tsohon Gidan Dutse a Ƙauyen Sikotland: Abin da Za Ka Bincika Kafin Ka Taya

A ce kana aiki a Dundee ko Perth, ko a asibitin Raigmore da ke Inverness, iyali sun ƙaru, gidan hayar da kuke ciki ya yi muku kaɗan. Rannan sai ka ci karo da talla: tsohon gidan dutse a wani ƙauye, tafiyar minti 40 a mota daga wurin aiki, ɗakunan kwana biyar, falo biyu, lambu kewaye da katanga, ginin wajajen 1840. An rubuta fam 400,000, kuɗin da a wasu unguwannin Edinburgh da ƙyar zai saya maka gidan sama mai ɗaki uku, ba tsakar gida, ba wurin ajiye mota. Dole ranka ya biya.

Irin waɗannan gidaje ba sa yankewa a kasuwa. Wasu na manyan manoma ne, wasu na likitan ƙauye ko shugaban makaranta, amma waɗanda aka fi rububi su ne tsofaffin gidajen limaman coci, da ake kira manse. Cocin Sikotland ya daɗe yana sayar da gine-ginensa, domin masu zuwa ibada sun ragu, ana haɗa majami'u biyu ko uku a hannun limami guda. An gina gidajen ne don mai iyali da yawa da 'yan aiki da baƙi, shi ya sa suke shiga ran duk wanda ya tashi a babban gida. A yankin tsaunuka da tsibirai har gobe akwai waɗanda gwamnati ta gina a shekarun 1820 ƙarƙashin kulawar injiniya Thomas Telford, kuma da mutane a cikinsu.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: a Sikotland bincike ne ke gaba, tayi na biye. Tsarin cinikinsu ba ya ba ka sararin ka taya, a sallama, sannan ka tsaya kana lalube kana neman ragi. Gida mai farin jini, sau ɗaya ake taya shi, a rufe, kuma wanda ya cika tayinsa da sharuɗɗan "sai na duba kaza" yakan ga an ba wani.

Lauya tukuna

Dokar filaye da gidaje ta Sikotland daban take da ta Ingila, haɗewar da ƙasashen biyu suka yi a 1707 ba ta taɓa ta ba. Lauyan da ya yi wa abokinka aiki a Manchester ba zai yi maka a nan ba, sai mai rajista da Law Society of Scotland. Ta hannunsa tayinka zai bi a rubuce, mai gida ba zai kula tayin baki ba. Da yawa daga lauyoyin ma su ne dillalan gidajen, suna tallata su a dandalinsu na haɗin gwiwa, kamar ESPC a yankin Edinburgh da ASPC a yankin Aberdeen. Don tsohon gidan ƙauye, nemi lauyan da ya saba da cinikin karkara, wanda maganar rijiya da hanyar gona da iyakar makiyaya ba baƙuwa ba ce gare shi.

Kafin ya ɗaga alƙalami zai nemi fasfo, shaidar inda kake zaune, da bayanin inda kuɗinka ya fito. Doka ce ta tilasta masa, ba raini ba ne. Idan wani kaso daga gida zai zo, ka sayar da fili a Kaduna ko Maraɗi, ko 'yan'uwa sun haɗa maka gudummawa, to tanadi takardar cinikin filin da bayanan banki da ke nuna yadda kuɗin ya taso har ya iso. Kuɗin da ya biyo ta hannun ɗan canji ba takarda yana iya tsayar da ciniki cik ana saura kwana uku a karɓi makulli. Ba a hana baƙo sayen gida a Birtaniya, amma mallakar gida ba ta ba kowa izinin zama.

Wanda zai ci bashin banki ya samo takardar amincewar farko tun kafin ya fara yawon duba gidaje. Wanda kuma ke gudun kuɗin ruwa, yana son tsarin Musulunci inda banki ke sayen gidan tare da kai kana fansar kasonsa a hankali, ya fara tambaya da wuri ƙwarai. Ba duk masu wannan tsari a Ingila ne ke ƙetarowa Sikotland ba, kuma tsohon gida a lungu yakan sa su ja da baya.

Takardar da mai gida zai ba ka

Tun 1 ga Disamba 2008, kusan duk gidan da aka sa a kasuwa a Sikotland dole ya zo da kundin da ake kira Home Report. Mai sayarwa ne ke biyan kuɗinsa, kai kyauta za ka karɓa, kuma in ka nema dole a ba ka cikin kwana tara. Ba a yarda ya wuce mako 12 da rubutawa ba a ranar da aka fara tallar gidan. Kashi uku ne: rahoton safiyo a kan lafiyar ginin tare da ƙimar kuɗinsa, rahoton yadda gidan ke cin makamashi, da takardar tambayoyi da mai gidan ya cike da kansa.

Safiyo yana bin sassan gidan ɗaya bayan ɗaya yana ba su maki. 1 na nufin ba abin yi yanzu, 2 na nufin gyara na nan tafe, a nemi kiyasin kuɗinsa, 3 kuma gyara ne na gaggawa. Gidan da ya haura shekara 150 ba zai rasa 2 birjik ba, kada wannan ya tsorata ka. Abin dubawa shi ne inda makin ya faɗa. 2 a kan fentin ƙofa ba komai ba ne. 2 a kan rufi, ko bututun hayaƙi, ko danshi da ruɓar katako, wannan magana ce ta dubban fam, wani lokaci dubbai goma-goma. 3 a ɗaya daga cikinsu kuwa yana iya sa banki ya riƙe wani kaso na bashin sai an gyara.

Shafin da mutane suka fi tsallakewa shi ne wanda safiyo ke lissafa abin da bai samu dubawa ba. A nan za ka ga cewa daga ƙasa ya hangi rufin da madubin hangen nesa, kansa kawai ya leƙa ta ƙofar silin, bai ɗaga kafet ba, bai shiga ƙarƙashin daɓen katako ba, bai kunna komai ya gwada ba. Wato dai inda cutar tsohon gida ke ɓuya, nan ne idonsa bai kai ba. Akwai kuma wani adadi da ake rubutawa don inshora, abin da za a kashe a sake gina gidan in ya ƙone. A gidan dutse yakan zarce kuɗin kasuwa nesa ba kusa ba, kuma a kansa kamfanin inshora zai yanka maka kuɗin shekara.

Takardar mai gida ma a karanta ta da natsuwa. A ciki zai faɗi ko guguwa ko ambaliya ta taɓa gidan tun da ya mallake shi, ko an taɓa maganin ruɓar katako da danshi kuma akwai takardar garanti, ko an yi wa ginin ƙari ko sauyi, daga ina ruwa ke zuwa, ina ƙazanta ke tafiya. Duk inda ya ce an rushe bango ko an mayar da saman silin ɗaki, lauyanka zai nemi takardar izinin gini da ta kammalawa daga ƙaramar hukuma.

Shawarata, in gidan ya kwanta maka, kashe kuɗi ka kawo naka safiyon, wanda ya ƙware a tsofaffin gine-gine, ya yi cikakken bincike, ka kuma sa mai aikin rufi ya hau ya gani. Kamfanonin maganin danshi sukan zo dubawa kyauta, amma ka tuna magani suke sayarwa.

Ruwa ne abokin gabar gidan

Kusan gida ɗaya cikin biyar a Sikotland an gina shi ne kafin 1919, kuma ginin wancan zamani tsarinsa ɗaya. Bango mai kauri, wajen santimita 60, dutse a waje, dutse a ciki, tsakiya a cike da ɓaraguzai, an ɗaure komai da kwaɓin farar ƙasa ƙonanniya da yashi. A wurare da yawa an bi wajen bangon da wani yaɓe mai kaushi na farar ƙasa da tsakuwa, wanda ake watsawa da cokalin magini. Dutsen kansa ya danganta da yanki: a Aberdeenshire dutse ne mai tauri ruwan toka, a Dumfries ja ne mai laushi. Irin wannan bango yana shan ruwan sama, iska ta kaɗa ya bushe. Haka aka tsara shi, kuma muddin an bar shi yana numfashi zai yi shekara ɗaruruwa.

Ɓarnar ta zo ne a ƙarni na 20, lokacin da aka riƙa cike tsakanin duwatsu da siminti, ana shafe bango da fenti mai toshe iska. Duk wanda ya ga abin da ke faruwa in aka yi wa ginin tubali filastar siminti a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san labarin: ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe, wata rana filastar ta ɓanɓaro falle guda. A Sikotland sanyi na ƙara wa abin muni, domin ruwan da ya maƙale yana daskarewa ya kumbura ya farfasa fuskar dutsen. Tsaya kusa da bangon da ke fuskantar kudu maso yamma, inda iska ke kawo ruwa, ka duba da kyau. In ka ga layukan siminti sun yi tudu, dutsen da ke tsakaninsu ya lotsa ciki, ka shafa yana zubo maka gari a hannu, to akwai aikin ƙwaƙule simintin nan a mayar da farar ƙasa, kuma aiki ne na hannu, a hankali, mai tsada.

Daga nan ɗaga kai sama. Rufin gargajiya na siraran allunan dutse ne da ake kira silet, kowane an kafe shi da ƙusa a kan katakon da aka shimfiɗe rufin da shi. Silet ɗin kansa ba ya saurin mutuwa, ƙusoshin ne ke tsatsa su saki. Alamar ita ce ka ga allo ɗaya ya zamo nan, wani can, ko ka hangi 'yan ƙananan maƙalai na ƙarfe da aka tallafe su da su. Ɗaya ko biyu gyaran shekara ne. In sun yi yawa, rufin gaba ɗaya ke neman a kwance a sake kafawa. Ga wani ƙarin ciwon kai: an daina haƙar silet a Sikotland tun tsakiyar ƙarnin jiya, babbar mahaƙar Ballachulish ta rufe a 1955, saboda haka sai dai a nemo na hannu daga rusassun gidaje ko a shigo da mai kama da shi daga waje. A ƙauyukan bakin teku na Fife, irin su Crail da Pittenweem da Culross, jan tayil na yumɓu za ka fi gani a kan rufi.

Duba dalmar da aka shimfiɗa a kwarin da rufi biyu suka haɗu da gindin bututun hayaƙi. Duba indararo, wanda a tsofaffin gidaje na baƙin ƙarfe ne. Koren layi a bango bayan bututun da ke sauko da ruwa yana nufin ya tsage ta baya, ya daɗe yana jiƙa dutse. Ciyawa ko ɗan itace da ya tsiro a kan bututun hayaƙi ba ado ba ne. Sannan sunkuya ka dubi gindin bango: sau da yawa an yi ta zuba ƙasar fulawa ko kwalta har ta haura daɓen ciki, ta toshe 'yan ramukan shan iska da aka bari don ƙarƙashin katako. Rabin danshin da ake kuka da shi a ɗakunan ƙasa daga nan yake, kuma maganinsa shebur ne, ba allurar sinadari a bango ba.

In da hali je duba gidan ranar da ake ruwa. Ba wuya a sami irin ranar: gabashin ƙasar, wajen Edinburgh, yana samun kimanin milimita 700 a shekara, wasu sassan tsaunukan yamma kuwa suna haura 3,000. Da ka shiga, kafin ka kalli komai, shaƙi iskar. Warin laima mai kama da na naman kaza, musamman a ƙarƙashin matakala ko cikin kabad ɗin bango ko bayan katakon taga, shi ne abin tsoro. Akwai wata ruɓa da ke cin katako a ɓoye, tana miƙa jijiyoyi ta cikin bango daga ɗaki zuwa ɗaki. Katakon da ta ci yakan tsattsage gida-gida, ya yi sakayau, ka danna makulli ya nutse, wani lokaci ka ga jan gari kamar tsatsa a kan daɓe. Taka kusurwoyin ɗaki ka ji ko daɓen na lotsawa. Bango ɗaya da aka yi wa sabon fenti alhali sauran sun tsufa, tambayi dalili.

Tagogin katako masu zamewa sama da ƙasa, in ba su ruɓe sosai ba, gyara suke so, ba canji ba. Katakonsu ya fi na yanzu inganci. Wayar lantarki, bututun ruwa na dalma a gidajen da suka girmi 1970, da jemagu a cikin silin, duk a tambaya. Jemage dabba ce da doka ke karewa, ba a taɓa maɓoyarsa sai da izinin hukumar NatureScot, kuma hakan na iya ɗage aikin rufi zuwa wani lokacin shekara.

Gidanka ne, amma da mai sa ido

Hukumar Historic Environment Scotland tana da rajistar gine-ginen tarihi kimanin 47,000, a aji uku: A, B da C. Tsohon manse da wuya ya rasa shiga B ko C. Kariyar ta shafi ciki da waje, har da katanga da tsohuwar bargar doki a bayan gida. Cire murhun asali, rushe bangon ciki, sauya taga, duk sai da izini na musamman daga ƙaramar hukuma, yin su ba izini kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar 1997. Abin da ya fi cizo, in mai gidan da ya gabata ya yi gaban kansa ya sa tagogin roba, hukuma na iya tilasta wa wanda gidan ke hannunsa yanzu ya mayar da na katako. Ko gidan ba ya cikin rajista, ƙauyen kansa na iya zama yankin da aka keɓe don adana kamanninsa, akwai irinsu fiye da 600 a ƙasar, kuma a can har sare itace sai an sanar. Binciken duka biyun kyauta ne a intanet.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin dalilin gudu ba. Dokar ce ta hana a lalata ƙauyukan har suka kai yau da kyansu. Amma wanda burinsa ya fasa bango ya haɗe kicin da falo, ya manna gilashi daga sama har ƙasa, gara ya nemi sabon gini.

Abin da ba ya fitowa a hoto

Yawancin ƙauyuka ba su da bututun gas. Da man kananzir ake ɗumama gida, daga tanki a bayan gida, ko gas na tanki, ko itace. Gida mai ɗaki biyar da dogon silin, a ƙasar da ake kunna ɗumi daga Oktoba har Afrilu, ba ƙaramin mai yake sha ba. Nemi rasiɗan shekara biyu ka gani da idonka, kada ka tsaya ga harafin da rahoton makamashi ya ba gidan, wanda a irin wannan gini yakan zama E ko F.

Wajen kashi 3 cikin 100 na mutanen Sikotland ba ruwan hukuma suke sha ba, daga rijiya ko burtsatse ko idon ruwa a kan tudu suke ja. In gidan na cikinsu, a gwada ruwan, a tambaya ko yana ƙafewa in an yi fari, a kuma tabbatar takardar gida ta ba ka haƙƙin jan ruwan da shiga gonar wani don gyaran bututu. Haka ramin sokawe: dole ya kasance da rajista a hukumar muhalli ta SEPA, kuma a san ko naka ne kai kaɗai ko da maƙwabta. Ita SEPA ɗin ce ke da taswirar ambaliya. Ka buɗe ta, domin tsofaffin ƙauyuka a bakin rafi aka kafa su, kuma abin da guguwar Babet ta yi wa garin Brechin a Oktoban 2023, lokacin da kogin South Esk ya haura katangar kariya, bai bar ran masu inshora ba. A Fife da Ayrshire da Lanarkshire, inda aka yi haƙar kwal, lauya zai nemi rahoton tsofaffin ramuka a ƙarƙashin ƙasa.

Takardun mallaka na tsohon gida su ma abin zama ne a karanta. Gidan da ya daɗe bai sauya hannu ba yana iya kasancewa a tsohuwar rajistar Sasines, wadda aka buɗe tun 1617, inda da kalmomi aka siffanta iyaka, ba taswira ba. Cinikinka ne zai shigar da shi sabuwar rajista mai taswira, saboda haka zaga iyakar da ƙafarka ka gwada da abin da ke rubuce. An soke tsarin mallakar iyayen ƙasa a 28 ga Nuwamba 2004, amma wasu sharuɗɗa sun tsira: hanyar da manomi ke bi ta gefen gidanka, rabon kuɗin gyaran titin da ba na hukuma ba, hanin yin sana'a a gidan. Titin da ba na hukuma ba, ba mai zuwa ya kwashe maka ƙanƙara. A arewa da tsibirai kuma, in ka ji an ce filin na croft ne, tsaya: wannan tsarin ƙananan gonaki ne mai dokarsa da hukumarsa a Inverness, har da sharaɗin zama cikin kilomita 32 daga gonar, kuma banki ba ya son ba da bashi sai an cire filin gidan daga tsarin.

Sauran kai za ka auna da rayuwarka. Makarantar firamare nawa ne ɗalibanta, motar haya sau nawa take zuwa, intanet na da ƙarfi ko babu. Masallacin Juma'a da naman halal suna birane ne, Perth, Dundee, Stirling, Aberdeen, Inverness. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu ta faɗi, wato a duhu za ka tafi aiki a duhu ka dawo, a kan siririn titi. Gwada tafiyar sau ɗaya da dare kafin ka yanke shawara.

Tayi

Kalmomin "offers over" da ke gaban kuɗin talla suna nufin daga nan ake farawa. Adadin da ya fi muhimmanci shi ne ƙimar da safiyo ya rubuta, domin a kanta banki ke lissafi. In gidan ya yi maka, lauyanka zai sanar da dillali cewa kana ciki. In masu so sun kai biyu ko fi, sai a sa ranar rufewa, galibi ƙarfe 12 na rana. Kowa ya aiko da tayinsa a rufe, ba wanda ya san na wani, ba zagaye na biyu. Mai gida ba dole ne ya ɗauki mafi tsoka ba, yana iya fifita wanda kuɗinsa ke hannu ko wanda ranar tarewarsa ta dace da tasa. Shi ya sa lauyoyi kan ce a ɗora 'yan canji a kan adadi, kamar 430,150, ko da wani ya tsaya a 430,000 cif. Gidan da ya yi watanni ba mai so kuwa, ko aka mayar da shi kan tsayayyen farashi, ana iya taya shi ƙasa da ƙima, a nan rahoton safiyonka zai yi maka rana.

Ga lissafi. An ƙiyasta gidan fam 410,000, ka taya 430,000 aka sallama. Banki ya yarda da kashi 90 cikin 100, amma na 410,000, wato 369,000. Ragowar 61,000 daga aljihunka. Sai harajin sayen gida na Sikotland, LBTT, wanda ya maye gurbin na Birtaniya a Afrilun 2015. Ba a biyan komai a kan 145,000 na farko, daga nan zuwa 250,000 kashi 2, zuwa 325,000 kashi 5, zuwa 750,000 kashi 10, abin da ya haura kashi 12. A kan 430,000 ya kama 16,350. Gwamnati kan taɓa waɗannan adadi a kasafin kuɗi, lauya zai ba ka na ranar.

Akwai tarkon da ya fi kama mutanenmu. Wanda ya riga ya mallaki wani gida, a ko'ina a duniya, wanda ƙimarsa ta kai fam 40,000, ana ɗora masa ƙarin haraji na gida na biyu, kashi 8 cikin 100 na dukkan kuɗin tun Disamban 2024. A misalinmu 34,400 ke nan a kan na farko. Gidan da ka gina a Abuja ko Kano yana cikin lissafi, haka na matarka, domin a wannan haraji miji da mata ɗaya ake ɗaukarsu. Akwai sassauci ga wanda ke sayar da ainihin gidan zamansa ya maye shi da wannan. Faɗa wa lauya duk abin da ka mallaka, har kason gado, tun ranar farko. Bayan haraji ga kuɗin lauya, na rajista, na safiyo, na kwashe kaya, sannan a ware wani abu mai kauri don gyaran shekarar farko. Wanda tayi ya cinye masa wannan ajiya, gidan ya fi ƙarfinsa.

In an karɓi tayinka, lauyoyin biyu za su shiga musayar wasiƙu, da ake kira missives, suna daidaita sharuɗɗa: ranar tarewa, abin da za a bari a gidan, takardun da za a kawo. Yakan ɗauki makonni, kuma kafin a kammala kowa na iya janyewa, ko da yake ƙa'idar lauyoyin ƙasar ta hana lauyan mai gida ci gaba da yi masa aiki in ya ce zai bi wani tayi mafi tsoka bayan an rufe an sallama. Lura da wannan: ba kai ke sa hannu a wasiƙun ba, lauyanka ne ke sawa a madadinka, kuma ba a saba biyan kafin alƙalami ba. Saboda haka ciniki na iya ɗaurewa ba ka ji a jikinka ba. Da wasiƙar ƙarshe ta fita, magana ta ƙare. In ranar biya ta zo ba kuɗi, za a riƙa lissafa maka ruwa, daga baya mai gida ya sayar wa wani ya bi ka asarar da ya yi. Kada ka ba lauya izinin kammalawa sai takardar bashin banki ta ƙarshe ta iso hannu.

Ranar tarewa kuɗi ya tafi, a ba ka makulli, lauya ya biya haraji ya kai takardar mallaka rajista. Bisa sharuɗɗan da aka saba amfani da su, kwanakin aiki biyar gare ka ka kai ƙarar abin da ka tarar ba ya aiki a na'urar ɗumama gida da ruwa da lantarki. Ko da rani ne, kunna ɗumin a daren farko, bi kowane ɗaki ka taɓa, buɗe kowane famfo. Duba ƙararrawar hayaƙi: tun Fabrairun 2022 doka ta ce kowane gida ya kasance da su a falo da baranda ta kowane hawa, da ta zafi a kicin, duk a haɗe, in ɗaya ta yi kuka sauran su amsa.

Bayan haka kada ka yi gaggawar fasa komai. Toshe yoyo, buɗe ramukan shan iska, janye ƙasar da ta hau bango, ka bar gidan ya ci hunturu ɗaya kana kallon inda ke jiƙewa da inda ke bushewa. A Nuwamba, bayan ganye ya gama zuba, a kwashe indararo. Aikin farar ƙasa ba a yin sa cikin sanyi mai daskarar da ruwa, daga wajen Afrilu zuwa Satumba ake yi, kuma maginan da suka iya shi ba su da yawa, saboda haka tun cikin hunturu ake kama layi. Cibiyar Engine Shed da ke Stirling, wadda Historic Environment Scotland ta buɗe a 2017, tana da bayanai kyauta a kan kula da bango da rufi da taga, tana kuma shirya bita ga masu tsofaffin gidaje.